Rabin Giram a Kan Fiffike

Litinin, 4 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Na sayi littafin nan don tsara darasin 'yan aji uku, amma 'yan aji uku ba su cancanci takarda mai kyau haka ba. Don haka zan rubuta mijina Tawin a ciki, wanda shi ma bai cancanta ba.

Jiya ya ce zai bayar da Sauro. Sauro shi ne ɗan jirginsa mai saukar ungulu da yake tuƙawa da rimot daga ƙasa, ni na raɗa masa sunan saboda kukansa. Shekara tara yana tashinsa a filin makarantarmu, shekara biyu ke nan da ya rataya masa kyamara a ciki. Na zagi jirgin nan fiye da yadda na zagi hedimasta. Ya cinye mana teburin cin abinci, ya cinye mana kowace Lahadi. Yau ga mutumin ya ce zai rabu da shi, kuma ni ce nake jin kamar in fasa tukunya.

Ranar ashirin da huɗu ake tseren kwale-kwale. Tun watan Agusta Kawu Insom, shugaban matuƙan ƙauyenmu, ya roƙi Tawin ya ɗauko musu tseren daga sama, abin da ba a taɓa yi ba a wannan gefen kogin da ake kira Nan. Shekaranjiya ya gwada. Hoton ya fito yana rawa.

"Ba jirgin ba ne, Malama," in ji shi.

"To mene ne?"

Sai ya tura hannunsa na dama cikin aljihu.

"Aljihu ne? Kawo almakashi in yanke shi."

Bai yi dariya ba. Ya ce akwai wani mutum a garin Phrae da ya daɗe yana son jirgin. Na yi ta faɗa har shinkafa ta kama. A ƙarshe ya ce ya ba ni zuwa ranar ashirin: in hoton ya tsaya, zai tashi ranar tsere; in bai tsaya ba, Kawu Insom ya nemi mai hawa bishiyar kwakwa da kyamara.

Na san inda zai zauna in Sauro ya bar gidan nan. Kujerar babansa tana nan bakin taga. Na ga yadda ta haɗiye tsohon cikin shekara biyu.

Takardar da muka karɓo daga asibitin lardi a watan jiya tana cikin littafin girki, a shafin miyar kifi. Ba mai dafa miyar kifi a gidan nan yanzu.

Talata, 5 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na kalli bidiyon sau goma sha ɗaya. Bishiyoyin kwakwa sun zama dafaffiyar taliya, rufin haikali yana karkaɗa ƙugu kamar 'yar rawa a bikin shekara. In ba don abin da ya jawo ba, da na ce abin dariya ne.

Na kwaso takardun da abokan wasansa suka bugo masa daga intanet, wajen shafi tamanin. Ya ce ba zan gane ba. Ni! Shekara ashirin da shida ina koyar da adabi. Na karanta littattafan Rashawa masu shafi dubu waɗanda ba abin da ke faruwa a cikinsu sai dusar ƙanƙara da baƙin ciki. Ba takardar kanikawa ce za ta kayar da ni ba.

Ga abin da na tsinta. Rawar hoto iri biyu ce. Akwai lilo, wanda yake tafiya a hankali, wannan daga iska ne ko daga matuƙi. Akwai kuma kaɗuwa, 'yar ƙanana mai sauri, wadda take narkar da miƙaƙƙen abu ya zama taliya. Wannan daga jikin jirgin take. Tamu ta biyun ce. Na karanta masa wurin da ƙarfi, sau biyu, da muryar aji.

"Wanda ya rubuta bai ga hannuna ba," ya ce.

Ni na gani. In yana zaune ba ya komai ne hannun yake rawa. Da ya kama abu sai ya natsu. Wannan ma na karanta shi, a wani littafin da ba na kanikawa ba, wanda na ɓoye bayan ƙamus.

Alhamis, 7 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na ɗaure kowane noti da ke jikin tiren kyamara har yatsuna suka yi ja. Muka je fili, ya tashi minti biyu, muka dawo muka kalla. Abin ya ninka. Yanzu har sararin sama rawa yake.

"Kin ɗaura musu aure ne ai," in ji Tawin. "Duk abin da jirgin ya ji, sai kyamarar ta ji."

"Da ka san haka me ya hana ka faɗa?"

"Kin taɓa barin mutum ya kai ƙarshen magana?"

Gaskiyarsa, amma ban gaya masa ba. Ashe so ake a raba su, a sa wani abu mai taushi a tsakani ya shanye kaɗuwar.

Juma'a, 8 ga Oktoba, da hantsi

Ya zubar da shayi. Na ce kunnen kofin ne ba shi da kyau. Na jefar da kofin.

Asabar, 9 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Na farke matashin kaina na ciro soso. Ya yi taushi da yawa, kyamara ta dinga tangaɗi kamar mashayi a kan gada. Ba a son mai tauri, ba a son mai laushi, sai na tsakiya. Haka takardar ta ce, kamar samun na tsakiya abu ne mai sauƙi a duniyar nan.

Ana cikin haka Kawu Insom ya zo jin labari. Ya tuɓe silifas ɗinsa a gindin matakala ya hau. Da na sauko ɗebo ruwa na taka ɗaya bisa kuskure, sai na ji robar ta lotsa ta dawo a hankali, ba gaggawa. Na tsuguna na matsa ta da yatsa. Ita ce! Na yanko ƙawanya huɗu daga diddigen, na ajiye masa tsofaffin na Tawin a wurin. Da zai tafi ya tsaya yana kallon ƙafafunsa.

"Malama Buwapan, takalmina kamar ya canza kala."

"Tsufa ne, Kawu. Ido ne."

Amma kafin nan sai da ya ɓata mini rai. Wai me zai hana a kai jirgin wurin Luang Ta Pan, tsohon malamin haikalinmu, ya sa masa albarka kamar yadda yake yi wa kwale-kwale kowace shekara.

"Shekara bakwai yana sa wa kwale-kwalenku albarka, shekara bakwai kuna zuwa na biyu," na ce. "Addu'a ba ta ɗaure noti, Kawu."

Tawin ya yi murmushi, irin na mai alfahari. "Ka taɓo inda ba a taɓawa. Matata ko babur ɗinta ba ta yarda an shafa masa farar ƙasar albarka ba. Ita ce ta rubuta wa jarida wasiƙa a kan mai duban nan na kasuwa."

Na ce shayi ya huce, na tashi.

Wata Talata a watan jiya, ranar da ya koma karɓar magani, na je wani wuri. Ba zan rubuta ba, don ba shi da alaƙa da komai.

Litinin, 11 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Silifas ɗin Kawu ya yi aiki, ya rage kamar kashi ɗaya cikin uku. Na kuma ɓalle gilashin tabarau na rana na manna a bakin kyamara, don takardar ta ce in haske ya ragu, idon kyamara yakan daɗe a buɗe, taliyar ta ɗan miƙe. Ta miƙe kuwa, amma hoton ya yi dishi-dishi, kamar yadda nake ganin allo in na manta tabarau na karatu a gida.

Yanzu ba ni da matashi, ba ni da tabarau na rana, Kawu ba shi da takalmi, kuma rufin haikali bai daina rawa ba. Ya dai koma rawar dattawa.

Na lura da hannunsa a kan rimot. Tsaf. Ko gezau. Na faɗa masa, ya ce in daina lallashinsa kamar ɗan aji ɗaya. Ni da ko 'yan aji ɗaya ban taɓa lallasa ba!

Laraba, 13 ga Oktoba, da tsakar rana

Yaya Kimlang ta leƙo makaranta da kwaɗon gwanda da shinkafa mai danƙo. Tun firamare muke tare, ta girme ni da wata biyar kacal amma ba ta taɓa yafe mini "Yaya" ba. Shagon zinariyarta yana bakin kasuwa, don haka duk wani tsegumi ta wurinta yake bi kafin ya shiga gari.

"Ke Buwapan, kwana biyun nan zaginki ya wuce ƙa'ida. Har mai gasa kaza ya kawo ƙararki."

"Kazarsa ɗanya ce."

"Shekara goma ɗanya ce, ba ki taɓa kiransa maƙiyin al'umma ba sai jiya. Yaya jikin Tawin?"

"Lafiyarsa lau. Barkonon nan ya yi yawa."

Ta ƙara mini wani cokalin. Muka ci muna hawaye, kowa ta ce barkono ne.

Alhamis, 14 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na yi abin da na ɗauka shi ne mafi wayo a rayuwata.

Na sa muka ɗaure Sauro da igiya a kan bencin siminti na filin makaranta, yadda ba zai iya tashi ba. Na cire kyamara, na manne kofi a tirenta, na zuba ruwa rabi. Na ce Tawin ya tayar da farfela ta kai gudun tashi, sannan ya ajiye rimot a ƙasa ya mayar da hannuwansa baya. Muka tsaya nesa.

Ruwan ya fara zobe-zobe, ya koma tsalle kamar mai a kasko, yana fallatsa ko'ina.

"To, Tsoho!" na yi ihu, don kukan jirgin ya cika fili. "Ga hannunka can a bayanka! Wa ke kaɗa ruwan? Kakarka?"

Ya daɗe yana kallo. Ya kashe. Ya duba sandar da farfela ke juyawa a kai, miƙe take sak. Ya duba haƙoran injin, lafiya. Ya ce to saura fukafukan farfelar biyu. In ɗaya ya fi ɗaya nauyi ko da kaɗan ne, haka jirgi yake yi.

"Amma ni na daidaita su da kaina a watan Agusta. A kan bakin reza. Ko gashi ba su bambanta ba, kuma ba wanda ya taɓa su tun lokacin."

"Ba wanda ya taɓa," na ce.

Ya shafa fiffike mai jan salatif a baki, ya shafa mai baƙi. Sai ya ce a hankali, "Ke nan tun Agusta hannun ya fara yi mini ƙarya ban sani ba. Kuma yanzu ba zan iya riƙe reza ta tsaya ba balle in gyara."

Na kawo hujja don in wanke hannunsa, ya karɓe ta ya ƙara ɗaure shi da ita. Da muka dawo gida bai tsaya a tebur ba. Kujerar bakin taga ya wuce.

Alhamis ɗin dai, bayan cin abinci

Jan salatif.

Juma'a, 15 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Shafi na hamsin da biyu. Farfelar tana juyawa sau dubu ɗaya da ɗari takwas a minti. In an ƙara rabin giram a bakin fiffike ɗaya, a wannan gudun jansa yake da ƙarfin abin da ya haura kilo guda, yana fizgar jirgin ta kowace fuska sau talatin a daƙiƙa.

Ba zai kai rabin giram ba. Abin da iska ma za ta iya ɗauka. Ba zai kai ba.

Na ba 'yan aji uku jarrabawar ba-zata. Ba su yi mini komai ba.

Asabar, 16 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na kwance fukafukan biyu na naɗe a zane na kai shagon Yaya Kimlang. Ba sikelin da ya kai nata gaskiya a lardin nan, ita kanta tana jin haushin hakan. Ta kori wata mai tayin ɗan kunne, ta ɗora baƙin, ta ɗora jan.

"Jan ya fi da rabin giram da 'yar ɗoriya. Mene ne a ƙarƙashin salatif ɗin nan? Akwai tudu."

"Ba komai."

Ta ɗauko hantsaki ta ɗaga gefen. To, tunda ta gani, bari in rubuta.

Waccan Talatar, bayan likita ya faɗi abin da ya faɗa, Tawin ya koma karɓar magani. Ni kuma na kwance fiffike ɗaya, don jirgin duka ba zai hau babur ba tare da rabin gari sun gani ba. Na bi ta bayan haikali, ta wajen da ake shanya tufafi. Luang Ta Pan ya rubuta laya a ɗan fallen jan ƙarfe siriri kamar ɓawon albasa, ya ɗiga farar ƙasa sau uku, ya manna ganyen zinariya. Na ɗaga jan salatif ɗin da Tawin yake sawa don ya bambance fukafukan, na shimfiɗa layar a ƙarƙashi, na rufe da sabo, har ninki biyu don kada ta faɗi. Na mayar kafin ya dawo.

Yaya Kimlang ta dube ni, ta dubi layar. Sai ta kife a kan gilashin sarƙoƙi.

"Ke? Ke Buwapan? Addu'a ba ta ɗaure noti?" Har wannan ya iso shagonta. "Wayyo cikina! Ashe kwance noti take yi!"

"In kin gama ki gaya mini."

"Ban gama ba. Mai wasiƙa zuwa jarida! Ta ƙofar baya!"

Ta yi dariya har ta rasa numfashi, ta sha ruwa, ta sake. Da ta lafa ta goge ido ta ce, to abu mai sauƙi, bari ta ɓare shi. Ta kai hantsaki. Ban san lokacin da na buge hannunta ba.

"Kada ki taɓa."

Ba ta yi dariya a wannan ba. Ta mayar da salatif ɗin ta danne da babban yatsa, a hankali, kamar mai rufe wa jariri ƙafa.

Lahadi, 17 ga Oktoba, da hantsi

Zan iya naɗa salatif a ɗaya fiffiken har nauyi ya zo daidai, in mayar, in yi shiru har in mutu. Na yi tunanin haka tun safe, kuma ya yi mini daɗi ƙwarai.

Sai dai kwana uku ke nan yana kujerar. Ya ce ba sai an jira ashirin ba. In na ce ya zo a sake gwadawa, ba zai tashi ba. In ma ya tashi hoton ya tsaya, zai ce ni na gyara abin da hannunsa ya ɓata. Ba abin da zai fitar da shi daga kujerar nan sai sunan wanda ya taɓa fiffiken.

Na fi son in haɗiye reza.

Litinin, 18 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Mun je haikali ni da Yaya Kimlang, tana rungume da sikeli kamar jika. Luang Ta Pan yana zaune yana ba karnuka ragowar shinkafa.

"Malama, yau ta ƙofar gaba? Ko an toshe ta bayan?"

Na durƙusa na yi gaisuwa, na ɗora baƙin fiffiken a kan ƙyallen da ya shimfiɗa, don ba ya karɓar abu kai tsaye daga hannun mace, na yi masa bayani: ina son wata layar, amma nauyinta ya zama daidai da na ta farko, da farar ƙasar da ganyen zinariyar da salatif ɗin duka. Ya saurara har ƙarshe, abin da mazan garin nan ba su iya ba.

"Ke nan albarkar ta yi wa gefe ɗaya yawa."

"Haka ne, Kaka."

"Ai kuwa da kin tambaye ni. Ko kwale-kwale ba na shafa wa gefe ɗaya."

Ta farko da ya rubuta ta yi nauyi. Yaya Kimlang ta ce a rage da almakashi, ya ce ba a yanke harafi, sai dai a sake. Ta biyu ta yi sauƙi. A ta uku ya ƙanƙance rubutun, hancinsa kusan a kan ƙarfen, mu kuma muna leƙen sikeli kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Saura ƙiris. Ya ƙara ɗigon farar ƙasa ɗaya, muka jira ya bushe, lambar ta tsaya cak. Na auna tazarar daga bakin fiffike da rula, don ba nauyi kaɗai ba ne, har da wurin zama.

"Shekara sittin ina rubuta laya," in ji shi, "yau ne aka fara auna mini ita a sikelin zinariya. Kimlang, ki gaya wa mutane ta cika."

Da za mu tashi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki gaya wa Tawin da bakinki. Wannan ba ni da layarsa."

Talata, 19 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na ɗora masa fukafukan biyu a cinya, a kujerar. Na ce ya ɗaga jan salatif. Ya ɗaga da hannun hagu. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya sa wannan?"

"Wata jaka."

"Jakar tana koyar da adabi?"

"Wani lokaci."

Na zayyana masa komai ina kallon taga: Talatar, babur, ƙofar baya, rabin giram, shafi na hamsin da biyu. Na ce aikinsa na Agusta daidai yake, ko gashi bai kuskure ba, Yaya Kimlang ta lissafa, in an cire abin da na ƙara fukafukan tagwaye ne.

Ya ajiye fiffiken a cinyarsa, ya dube ni.

"Kwana goma sha bakwai, Buwapan. Kwana goma sha bakwai ina kallon hannun nan kamar ɓarawon da na kama a ɗaki."

Rabon da ya kira sunana tun bikin 'yarmu. Na ce masa na yi kuskure. Na faɗa da Tailanci mai kyau, cikakkiyar jimla, ban haɗa da "amma" ba. Ina so a rubuta wannan a tarihi.

Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Na tsorata, ashe dariya ce. Ta taso masa tun daga ciki, irin wadda ban ji ba tun kafin asibiti.

"Kawu Insom ya sani?"

"In ka gaya masa, ni zan kai jirgin Phrae da kaina, a ka."

"Me kika roƙa?"

"Kada jirgin ya faɗi."

"Jirgin."

"Jirgin mana. Ka san tsadarsa."

Ya kalle ni. Na kalli taga. Sannan ya ce sikeli ba ya gaya wa mutum komai da komai, sai an ɗora a reza an ga inda tsakiyar nauyin take. Ya tashi. Ya tashi daga kujerar ya nufi tebur yana cewa in kawo reza da fensir. Ni na riƙe, shi yana ba da umarni, yana kushe yatsuna. Wai hannuna rawa yake.

Laraba, 20 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Kofin ruwa a kan tire, farfela a cikakken gudu: 'yar shimfiɗar zobe kawai, kamar sauro na gaske ya sauka a kai.

Ya tashi minti shida. Rufin haikali ya tsaya kamar rufi. Bishiyoyin kwakwa sun koma bishiyoyi. Silifas ɗin Kawu ya shanye ɗan abin da ya rage. Akwai lilo kaɗan wajen juyawa, ya nuna da yatsa ya ce, "Wannan nawa ne." Na ce iska ce. Ya ce, "Nawa ne, Malama, kuma ba laifi." Ban yi gardama ba. Wannan ma a rubuta.

Mutumin Phrae ya bugo waya. Ni na ɗauka. Ba na jin zai sake bugowa.

Juma'a, 22 ga Oktoba, da yamma

Ya dafa miyar kifi. Takardar asibitin yanzu tana manne a ƙofar firiji, ya ja layi a ƙarƙashin ranar komawa. Gishiri ya yi yawa. Na cinye.

Lahadi, 24 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Ƙafafuna ba nawa ba ne. Tun safe muna bakin kogi, shi da rimot, ni da ƙaramin allon da ke nuna abin da kyamara take gani, ina ce masa dama, hagu, ƙasa kaɗan, kai Tsoho na ce kaɗan! Ganguna, lasifika, matan ƙauyenmu da riguna ruwan lemo suna ihu kamar ana yanka su. Sauro ya bi kwale-kwalen biyu tun daga tuta har gada, kan macijin da aka sassaƙa a goshin namu da na goshin nasu kafaɗa da kafaɗa, filafilai hamsin-hamsin suna shiga ruwa suna fita.

Mun zo na biyu. Shekara takwas ke nan.

Kawu Insom ya rantse alƙalai sun ci amana, wai hancin namu ne ya fara taɓa layi, kuma gobe bidiyo zai tona asiri a gaban kowa.

Litinin, 25 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

An kafa talabijin a zauren haikali, ƙauye duka ya zo. Da hoton ya fito sai kowa ya miƙa wuya. Ba wanda ya taɓa ganin kogin nan daga sama. Wata tsohuwa ta gano rufin gidanta ta fara faɗa a kan wanda ya bar mata kwano a karkace.

Sai ƙarshen tsere. Hoto tsaf, kamar an zana. Sun riga mu da tsawon mutum biyu. Har ana iya ƙirga matuƙanmu na baya su shida da suka saɓa da ganga, da Kawu Insom kansa a tsaye yana ɗaga wa 'yan kallo hannu tun ba a kai layi ba.

Zauren ya fashe. Kawu ya juyo yana huci.

"Tawin! Ba cewa aka yi hoton naka rawa yake ba? Da ka bar shi da rawarsa!"

"Ka tambayi Malama, Kawu. Da takalminka aka gyara."

Ya dubi ƙafafunsa. Na dubi rufi. Ya ce baɗi a ɗauko tun daga atisaye, don ya ga masu lalaci da idonsa, Tawin ya ce sai dai a fara tun Agusta. Baɗi. Da bakinsa ya faɗa, ina ji.

Da aka watse Luang Ta Pan ya kira shi ya ɗaura masa farin zare a wuyan hannun dama, kamar yadda ya yi wa matuƙa. Sannan ya yanko wani, ya ajiye a kan ƙyalle ya turo gabana.

"Na hagun naki ne. Kin san abin da gefe ɗaya yake jawowa."

Yaya Kimlang ta ce ko a ɗauko sikeli. Na ce ta rufe mana baki.

Na ɗaura masa a gaban kowa, ta ƙofar gaba. Hannun daman bai daina rawa ba, ban kuma zaci zai daina ba. Na riƙe shi har gida, ba da ƙarfi sosai ba, ba kuma sako-sako ba.